Nonon Rani a Kasuwar Sheme

A kasuwar Sheme, tsakiyar rani, wani manomi ya durƙusa gaban ƙwaryar wata dattijuwa mai tallar nono.

"Goggo, nono a wannan rani? Halan kuka kika dama da ruwa."

"Ɗanɗana, Malam. Ni ba ni haɗi."

"Kindirmo ne kuwa. Ba duk shanunku sun yi kudu ba?"

"Sun tahi. Biyu na riƙe. 'Ya'yana suka ce za su mutu a hannuna, na ce su bar mini gawar."

"Me suke ci? Ko tsinken ciyawa babu a daji."

"Harawa da angurya, yadda malamin gona ya nuna mana. Maza suka yi mai dariya, ni na saurara. Sai dai harawar saura ta kwana shida."

"Ga tawa can bisa itace a Mabai. Jakin da na tara wa na sai da shi."

"Manomi ya sai da jaki? Da me za ka kai taki gona?"

"Gonar ta gaji, Goggo. Bara ko rumbu guda ban cika ba. Jos nike shirin tahiya haƙar kuza."

"Ba inda za ka. Sauke harawar, in ɗaure shanuna a gonarka har ruwa ya sauka. Su ci, su bar maka taki."

"Ko sunana ba ki sani ba."

"Mai harawa ba jaki bai wuyar tambaya a Mabai. Jibi da hantsi in iske ka kafa turke biyu."