Tarin da Na Danne

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya bar mini numfashin da nake magana da shi yanzu.

Sunana Bulus, dillalin hatsi ne ni a Rigachikun. Bara aka yi mini aikin zuciya. Da za a sallame ni, nas ta ce, "Baba, kana da ciwon suga, ga shi ka daɗe kana shan taba kafin ka bari. Ƙwayoyin cuta na saurin kama huhun irinku. Ka riƙa rungumar filo kana tari, ka riƙa takawa."

Na ce to, amma a raina na yanke nawa. Cikin buhunhunan hatsi na girma, na san buhun da aka ɗinke yau ba a jijjiga shi. Sai na kwanta lamo a gida. In tari ya taso, in danne. Ga masu dubiya cike da ɗaki, har da surukaina. Ina ni ina kakin majina a gabansu?

Ashe majinar taruwa take yi. Zazzaɓi ya rufe ni, haƙora na kaɗawa. In na ja iska, ba ta wuce maƙogwaro. Matata Rifkatu ta ce, "Baban Ladi, leɓenka ya canja launi." Ban taɓa jin muryarta haka ba.

A asibiti likita ya ce cuta ta shiga huhu, fargabarsu kada ta kai ga ɗinkin. Suka sa mini abin numfashi, suka ɗaura ruwan magani. Na ji tsoro, 'yan'uwa. Ni da ciniki bai taɓa girgiza ni ba, sai ga ni riƙe da zanen Rifkatu kamar yaro.

Na so in yi addu'a, numfashi bai kai ba. "Yesu" kaɗai na iya faɗa. Rifkatu ta ce, "Ubangiji, ka ji shi. Sauran kai ka sani."

Da nas ta ce in yi tari, na ɗauka ƙirjina zai dare gida biyu. Na runtse ido na yi. Zafi kamar wuƙa, amma ɗinki bai motsa ba, iska kuma ta fara wucewa.

Na gode wa Ubangiji. Duk wanda ke kwance cikinku, ya bi maganar likita, ya dogara ga Yesu. Ko sunansa kaɗai ka iya furtawa, ya isa ya ji ka.