Mama Ta Koma Leadville

EFREN: Alo? Yaya Lorena? Ina wuni?

LORENA: Lafiya. Yau ta ina rana ta fito, ka tuna da ni?

EFREN: Haba Yaya. Ya Pueblo? Ya maigidan da yara?

LORENA: Suna nan. Ya sanyinku na kan dutse?

EFREN: Sanyi da godiya. Ya aiki?

LORENA: Aiki ka sani? Yi sauri, miyar koren barkono zan kai wa Mama gidan tsofaffi.

EFREN: To ai... ba sai kin je ba.

LORENA: Ba sai na me? Layinka na yankewa.

EFREN: Na ce ba sai kin wahala ba.

LORENA: Tsaya. Tarin wa nake ji a bayanka?

EFREN: Talabijin ne.

LORENA: Efren, ni zan kasa gane tarin uwata? Mama tana Leadville?

EFREN: Da safe na ɗauko ta. Ita ta sa hannu da kanta, ba sace ta na yi ba.

LORENA: Kai amma ba ka da hankali! Me likita ya ce? Iskar garin nan na kan dutse ba ta isar mai lafiya ma, balle mai ciwon zuciya. Don me na sauko da ita?

EFREN: Kin sauko da ita kin ajiye a ɗaki tana kallon wurin ajiye motoci. Matar da ta tashi tana buɗe taga ta ga dutsen Elbert!

LORENA: Dutsen zai yi mata numfashi? Garin da ya mutu tun da azurfa ta ƙare! Ƙurar ramin haƙar ma'adinai ta cinye huhun Kaka, ta cinye na Baba, yanzu Mama ka kai masa?

EFREN: Iya bakinki. Ruwan da kike sha a Pueblo daga bayan gidanmu yake gangarowa.

LORENA: Sai ka tare shi mana!

EFREN: Kullum ta kira ni tana kuka, a kai ta kabarin Baba kafin ƙanƙara ta rufe maƙabarta. Ke ta faɗa miki?

LORENA: Ba ta taɓa ba.

EFREN: Tsoronki take ji.

LORENA: Tsorona? Ni da nake yi mata wanka kana can kana share wa 'yan Denver masu zuwa wasan zamiya ƙanƙara? Ba ta wayar.

EFREN: Mama, Yaya ce... Ta girgiza kai.

LORENA: Ƙarya kake!

EFREN: Ta ce in mayar da ita za ki zo yi, ki yi zamanki. In kwana za ki zo, gadonki yana nan.





LORENA: Ka taho da tukunyar iskarta?

EFREN: Tukunyar miya?

LORENA: Ta iska, kurma! Ta numfashi!

EFREN: Tana hancinta yanzu haka.

LORENA: Dubi leɓenta. Wane launi?

EFREN: Ya ɗan... ya ɗan yi duhu.

LORENA: Ƙara buɗe iskar. Jingina ta da filo, kar ta kwanta. In ya ƙara duhu ka kira motar asibiti, ko tana so ko ba ta so. Ga ni nan ta hanyar Salida.

EFREN: Ƙanƙara na zuba, ki bari sai...

LORENA: In wani abu ya same ta kafin na iso, kar ka sake kirana Yaya.

EFREN: Ɗaukar ta za ki zo yi, ko kwana? Yaya? Alo?