Fanken da na riƙa ba ɗiyata

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa, ina gaishe ki da masu sauraro. Ni ce Rabi daga Dakoro, mai tuyar fanke a ƙofar lakwal, wato makarantar boko.

Ɗiyata Hadiza, 'yar shekara shida, ta daɗe tana fama da zawo da kumburin ciki, tana ta ramewa. Kullum da safe nakan zaɓa mata fanke mai zafi, in lallashe ta ta ci ko ta yi ƙwari. Da muka je asibiti a Maradi, likita ya ce hanjinta ba ya ɗaukar alkama, kuma har abada ne. Ashe da hannuna nake ƙara mata ciwon.

Yanzu tuwon gero take ci, ta fara murmurewa. Amma an ce ko ɓurɓushin fulawa kar ya shiga kwanonta, ni kuwa da fanken nan nake ciyar da gida. Shekaranjiya ta tsaya tana kallo ina miƙa wa 'ya'yan mutane, ta ce, "Inna, ni laifin me na yi miki?"

Hajiya, ku ba ni shawara. Har yau ban amsa mata ba.