Agogon da Aka Cire wa Inji

A rumfar mai gyaran agogo, wata mata ta miƙa tsohon agogon hannu, idonta a ƙasa.

"Malam, a mayar masa da cikinsa na da."

Ya buɗe bayan, ya ɗago. "Baiwar Allah, wa ya sa masa batir? Irin wannan murɗa shi ake yi, maɓallan gefen na auna gudu ne. Ina injinsa?"

"Ni na sa aka cire, murɗawar ta ishe ni. Shekara shida ke nan."

"To ai yana tafiya, ki bar shi haka."

"Na Babana ne. Idonsa ya tafi, jiya ya ce in kawo masa ya riƙa murɗawa yana saurare." Ta ja mayafi. "Da kunne zai gane, kuma ba zai ce min komai ba."