Masu Kare Makarantar Coci

A tashar bas ta garin Pala, Aleyamma, wata tsohuwa 'yar ƙauyenmu, na zaune da kwalin zanga-zanga a cinya. Wani baƙo ya sunkuya ya karanta.

"'Kada a rufe mana makaranta.' Iya, aji nawa kike?"

"Yi dariyarka. Gidan Bishop za mu. Kakana ya ɗauko duwatsun makarantar cocin nan a ka, yanzu Fada, limamin cocin, ya ce wai yara sun yi kaɗan."

"Allah sarki. Ai sai ki kai jikokinki su cika kujerun."

"Suna makarantar Turanci a gari. Uwarsu ce ta nace."

"Madalla. Sauran masu zanga-zangar fa?"

"Nasu jikokin suna Kanada da Dubai."

"To wa ke zama a ajin? Duwatsun kakanki?"

"'Ya'yan leburorin gonar roba, baƙin nan 'yan jihar Assam mai nisa. Su ina ruwansu? A rufe, a buɗe, duk ɗaya ne."

"Kun tambaye su?"

"Da wane yare?"

"Da wannan da nake miki magana. 'Yata Junali tana aji uku a can, ita ta koya mini karatu. In an rufe, gona za ta bi ni."

Bas ta iso, Aleyamma ta miƙe da kwalinta.

"Tashi mu je. Kai za ka yi wa Bishop magana."

"Ni da ba a gayyata ba?"

"Kati kake jira a buga maka? Shiga, kana tare wa mutane hanya."