Cukunmu a Ƙauyen Suwis

Assalamu alaikum. Mai girma Perefe na Magariya, mai girma Magajin Gari, iyayenmu masu gari da arɗo-arɗo, malamanmu, 'yan uwana mata na ƙungiyar masu nono, jama'ar Yekuwa baki ɗaya, barkanmu da wannan rana.

Ni ce A'i Jibo, wadda kuka tura ƙasar Suwis ta Turai tare da Malam Husaini likitan dabbobi, yana yi mini tafinta, domin mu nemi abokanmu na wani ɗan ƙauye a can su gina mana ɗakin sanyaya madara. Na gode da amanar da kuka ba ni. Kun fi kowa sanin yadda madararmu ke lalacewa a amalanke tun ba ta kai kasuwa ba.

Na farko, ƙasarsu. Ƙauyen yana kwance cikin kwari, dutse gabas, dutse yamma, har rana ba ta leƙo su sai da hantsi. Ƙanƙara a bisa, tafki a ƙasa, tsakaninsu ciyawa koriya shar.

Na biyu, yawansu. Su ɗari shida da arba'in ne, har da jaririyar da aka haifa muna can. Na ce wa Malam Husaini, "Ai waɗannan ba su cika rumfunan hatsi na kasuwar Magariya ba!" Shanunsu sun fi su yawa, kowace saniya da ƙararrawa a wuya.

Na uku, abin alfaharinsu: gadar katako mai rufi, coci mai agogo a hasumiya, da famfon tsakiyar gari da ke zuba ba guga, ba igiya. Na tsaya gabansa, na tuna rijiyarmu mai gaba ashirin.

Sai ranar taron da za su yanke shawara a kan buƙatarmu. A can magajin gari ba ya yanke magana shi kaɗai, hannu ake ɗagawa. Wani dattijo makiyayi ya miƙe ya ce, "Mutanen rairayi, me suka sani a kan madara?" Na kwance ƙullina, na miƙa masa cukun da 'yar ƙungiyarmu Shatu ta yi da hannunta. Ya sansana, ya gutsura, ya daɗe yana taunawa. Ya ce, "Me saniyar ke ci?" Na ce, "Harawar wake da dusar gero, Baba." Ya ce, "Wadda ta yi wannan ta san saniya." Hannunsa ne ya fara tashi, sauran suka biyo baya, Malam Husaini yana ƙirgawa yana dariya.

Saboda haka albishirinku: bayan girbi za a aza tubali! Shatu, tashi a gan ki.

Allah Ya albarkaci shanunmu da nasu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lami lafiya. Na gode.