Mai Awon Hayaƙi a Motar Djougou

A tashar Parakou na ji direban motarmu yana ƙulla ciniki da wani baƙo.

"Kujerar gaba taka ce, Malam Tahirou, tunda awon hayaƙi kake yi a Turai. Kai dai ka auna na motata, ka rubuto takardar da zan nuna wa jandarma."

"Maigida, tun ɗazu nake faɗa maka ba irin wannan ba ne. A tashar nukiliya ake ƙona tsofaffin kayan aiki, ni kuma ina gadin na'urar bakin bututu, kada guba ta bi hayaƙi. Ba ta da launi, ba ta da wari."

"Ka taɓa kama ta kuwa?"

"Sau ɗaya. Ƙararrawa ta kaɗa, aka tuɓe mu, aka yi mana wanka."

Direba ya ja da baya. "Hajiya mai doya, dawo gaba."

Tahirou ya ce, "An fa auna ni, ba komai a jikina."

"Ai kai ka ce ba a ganinta."

Hajiya ce ta ci riba, ta miƙe ƙafa har Djougou. Tahirou kuwa can ƙarshe ya zauna, bisa salansar motar, yana shaƙar hayaƙin da kowa ke gani.